Ƙasa, Ruwa da Hanya: Tarihin Yadda Masu Gina Hanya Suka Koyi Halin Ƙasa



A daminar 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum ta Jihar Bauci, motoci suka tsaya cirko-cirko a hayi biyu, fatake da matafiya suka shiga neman zagaye. Duk lokacin da irin wannan ya faru, abin da akan ce shi ne ruwa ya yi yawa. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Ruwan da ya cinye wancan yanki na hanya shi ne dai ya sauka a kan yankin da ke gabansa da wanda ke bayansa, ga su kuwa suna nan. Galibi bambancin yana ƙarƙashin kwalta, watau a irin ƙasar da aka yi ciko da ita, da yadda aka daɓe ta, da inda aka bi da ruwan da ya sauka a kanta. Sanin wannan a matsayin ilmi mai awo da lissafi bai daɗe ba, da kaɗan ya wuce shekara 100. Tarihinsa nake so in bi da ku yau, domin a cikinku akwai waɗanda za su zana hanya, akwai kuma waɗanda za su sa hannu a takardar kuɗinta. Na biyun ma sun fi na farkon bukatar jin wannan labari.

Bari mu fara da Ingila a farkon ƙarni na 19. A lokacin hanyoyin ƙasar sun zama abin tsoro da damina, keken doki yakan nutse har gatarinsa. Manyan magina biyu suka yi suna wajen gyara, dukansu mutanen Sikotlan. Thomas Telford, wanda aka haifa a 1757, asalinsa magini ne mai sassaƙa dutse, saboda haka ya ɗauki hanya tamkar gini: a jera manyan duwatsu da hannu a ƙasa su zama harsashi, sa'an nan a zuba ƙanana a bisa. Aikinsa yana da ƙarko, yana kuma da tsada. John Loudon McAdam, wanda ya girme shi da shekara guda, ya zo da wani ra'ayi dabam bayan an ba shi kula da hanyoyin Biristol a 1816. A ganinsa ƙasar wurin ita ce ke ɗauke da nauyin duk abin da ya bi ta kan hanya, kuma muddin ta zauna a bushe za ta ɗauki kowane irin kaya. Aikin dutsen da ke bisa shi ne ya zama rufi. Don haka ya ce a ɗaga hanya ta fi filin da ke gefenta tudu, a yi mata ɗan doro a tsakiya, a haƙa magudana a gefe, kana a shimfiɗa fasasshen dutse kaurin inci 10, kowane ɗaya kada ya wuce nauyin oza 6.

McAdam bai san dalilin da ya sa jiƙaƙƙiyar ƙasa take rasa ƙarfi ba, gani kurum ya yi. Kuma a wasu wurare ya yi kuskure, don akwai ƙasar da ba yadda za a yi a raba ta da danshi. Amma shi ne ya fara juya idon magini daga dutse zuwa ƙasa da ruwa. Da mota ta zo tana kwashe ƙurar da ke riƙe da duwatsun, sai aka shiga haɗa su da baƙin man da ake tatsa daga gawayin kwal. Edgar Hooley ya yi rajistar wannan dabara a 1902, kuma daga sunan wannan mai a Turanci muka samo kalmarmu ta kwalta.

A wannan zamani ne Turawa suka shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin Kwara, zuwa Kano, tafiyar mil 356. Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan jirgin ƙasa ne, ya tsara aikin bisa arha da sauri, dogo ya iso Kano a 1911. Talakawa ne suka yi aikin, da yawansu bisa tilas ta hannun sarakuna da hakimai, da diga da kwando da kwanon sarki. Wahalar aikin ta shiga adabinmu, don Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi Waƙar Diga a kansa. Abin lura a nan shi ne yadda ake yin ciko a wancan lokaci, a nan da ko'ina a duniya: a zuba ƙasa tuli, a bar ta damina ta zaunar da ita, inda ya lotsa a ƙara. Ba wanda yake auna danshinta ko nauyinta. Injiniya yana iya lissafa ƙarfin kowane ƙarfe na gada, amma ƙasar da gadar ta zauna a kai sai dai ya duba ta da ido, ya murza ta a hannu, ya dogara ga abin da ya taɓa gani.

Ba zan wuce nan ba sai na ce leburorin da suka ɗauki wannan ƙasa a ka sun san halinta, wataƙila ma fiye da masu sa su aikin. Manomin ƙasar Hausa ya daɗe da raba jigawa da fadama, da faƙo da laka. Maginin gargajiya ba ya ɗibar kowace ƙasa ya yi tubali. Yakan zaɓi jar ƙasa mai tsakuwa, ya cuɗa ta da ciyawa, ya bar ta ta kwana da ruwa ana takawa. Mata masu daɓe sun san cewa ƙasar da ta bushe ƙarau ba ta daɓuwa, wadda ta jiƙe sharaf kuma sai ta riƙa zillewa ƙarƙashin madaɓi. Sun san makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa tana hana ruwa shiga. Aka kuma sa indararo mai tsawo don ruwan soro ya faɗa nesa da gindin bango. Abin da wannan ilmi ya rasa shi ne lamba, wadda za a rubuta a takardar kwangila a ce wa ɗan kwangila ga abin da aka ce, ga abin da ka yi.

Lambar ta fara fitowa ne daga inda ba a zata ba. Albert Atterberg masanin kimiyyar noma ne a ƙasar Suwidin, ba ruwansa da hanya. A 1911, shekarar da dogo ya iso Kano, ya bayyana cewa laka tana sauya hali gwargwadon ruwan da ke cikinta: tana da tauri, sai ta zama mai murzuwa kamar ƙullun tukwane, sai ta malale kamar kunu. Ya nuna yadda za a gano iyakar kowane hali. Gwajin ɗaya abin dariya ne don sauƙi: a murza laka a tafin hannu ta zama zare, a ga ko a wane danshi take fara kakkaryewa idan kaurinta ya kai milimita 3. Tazarar da ke tsakanin iyakar murzuwa da iyakar malalewa ita ce ma'aunin danƙon ƙasa. Yashi ba shi da wannan tazara ko kaɗan, baƙar laka kuwa tata mai faɗi ce ƙwarai. Haka nan ya raba ƙwayoyin ƙasa bisa girma: abin da ya wuce milimita 2 tsakuwa ne, ƙasa da haka yashi, sai wata ƙasa mai laushi kamar garin dawa da aka tankaɗe, wadda a wannan lacca zan riƙa kiranta gari, sai yumɓu, wanda ƙwayarsa ba ta kai kashi 2 cikin 1,000 na milimita ba.

Wanda ya mai da waɗannan gwaje-gwaje ilmin injiniya shi ne Karl Terzaghi, wanda ya yi bincikensa na farko a Istambul da kayan aiki na tsince-tsince, ya buga littafinsa a Biyana a 1925. Babban abin da ya gano shi ne cewa ƙarfin ƙasa yana fitowa daga matsewar ƙwayoyinta da juna, kuma ruwan da ke tsakaninsu, idan ya matsu, yakan ɗauke wani sashe na nauyin, ƙwayoyin su saki juna. Nan ne amsar tambayar da McAdam ya bari. Terzaghi ya koma Amurka a wannan shekara, hukumar hanyoyin ƙasar ta ɗauke shi mai ba da shawara, kuma a 1929 aka fitar da tsarin farko na raba ƙasa aji-aji domin aikin hanya. Abokin aikinsa Arthur Casagrande ya daidaita gwajin Atterberg a 1932, sa'an nan a 1942 ya tsara wa sojojin Amurka hanyar gane ƙasa da sauri don gina filayen jiragen sama a fagen yaƙi.

A tsakanin haka, a 1933, wani injiniyan ruwa na birnin Los Anjalis, Ralph Proctor, ya sa lamba a kan abin da mata masu daɓe suka sani. Ya nuna cewa kowace ƙasa tana da wani danshi wanda a kansa ne take fi daɓuwa. A ɗakin gwaji akan zuba ƙasa a ƙaramin gwangwani hawa 3, a buga wa kowane hawa madaɓi sau 25, a auna nauyi, a sake da wani danshi, har a gano ƙololuwa. Daga nan ne aka samo sharaɗin da kuke gani a takardun kwangila cewa ciko ya kai kashi 95 cikin 100 na wannan ƙololuwa. Wannan lamba tana da nasaba ta kai tsaye da zaizaya, domin ƙasar da aka daɓe da kyau ramukan cikinta kaɗan ne, ruwa ba ya samun hanyar kutsawa, ƙwayoyinta kuma sun riƙe juna. Motar ruwan da kuke gani tana yayyafi gaban rola ba don kwantar da ƙura take yi ba. Idan aka rage ta don tsimin mai, rola tana iya kai da komowa yini guda a banza.

Duk wannan magana ce ta ƙarfin ɗaukar nauyi. Jure wa ruwa mai gudu wani abu ne dabam, kuma a nan nake so in ɗan daɗe, don a nan ne hankali yake yawan ruɗar mutum. Idan aka tambayi kowa wace ƙasa ce ruwa zai fi saurin kwashewa, zai ce mai ƙananan ƙwayoyi, tunda ita ce marar nauyi. A 1935 wani ɗalibi a Jami'ar Upsala ta Suwidin, Filip Hjulström, wanda ya yi nazarin kogin Fyris da ke ratsa garin, ya zana wani jadawali da ya nuna ba haka abin yake ba. Ƙasar da ta fi saurin tashi ita ce lallausan yashi, mai ƙwaya tsakanin kashi 2 zuwa 5 cikin 10 na milimita. Ruwa mai gudun santimita 20 kacal a daƙiƙa yana ɗaga shi, gudun da bai kai tafiyar tsoho da sanda ba. Tsakuwa tana bukatar ruwa mai ƙarfi saboda nauyinta, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin mamakin shi ne yumɓu, wanda ƙwayarsa ta fi ta yashi ƙanƙanta sau ɗaruruwa, amma idan ya danƙare sai ruwa ya wuce mita guda a daƙiƙa kafin ya ɓamɓare shi. Dalili kuwa ƙwayoyin yumɓu faifai ne sirara masu jan juna, suna manne kamar takardun da suka jiƙe. Yashi ba shi da danƙo, gari kuma nasa kaɗan ne, ga shi babu nauyin da zai riƙe su. Sun faɗa tsakiya, ba su ga tsuntsu ba su ga tarko. Shekara guda bayan haka Albert Shields ya yi gwaji a Balin ya fitar da lissafin ƙarfin da ruwa ke bukata kafin ya motsa ƙwayar yashi ko tsakuwa, kuma da lissafinsa ake zaɓen girman dutsen da ake jerawa a gindin gada har yau.

Ku dubi abin da wannan yake nufi a gare mu. Yawancin ƙasar da ke saman filayen Arewa, daga Sakkwato zuwa Barno, iska ce ta kawo ta a zamunnan da Sahara ta matso kudu. A wajen Kano da Haɗeja da Katagum yashi ne lallausa, a wajen Zariya da Funtuwa kuma lallausan yashi ne gauraye da gari. Watau ƙasar da ta fi yawa a hannunmu, wadda tifa za ta ɗebo daga ramin da ya fi kusa, ita ce daidai wadda jadawalin Hjulström ya ce ta fi kowace rauni a gaban ruwa. Idan ta bushe aka daɓe ta tana ɗaukar mota lafiya lau, za ta kuma iya cin gwajin ƙarfi. Ranar da ruwa ya haura kan hanya ya zubo ta ɗaya gefen, sai ya fara ci daga gindin ciko yana komowa baya, kwalta ta rasa abin zama, ta karye kamar ƙosai.

Ga kuma irin ruwan samanmu. A 1944 W. D. Ellison ya nuna a Amurka cewa zaizaya tana farawa tun daga faɗuwar ɗigon ruwa, wanda babbansa yakan bugi ƙasa da gudun kusan mita 9 a daƙiƙa, ya farfasa curin ƙasa, ya toshe ƙofofinta, ruwan da ya biyo baya ya rasa wurin shiga sai gudu. Norman Hudson, da ya yi aiki a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, ya ga cewa ruwan da ke yin ɓarna shi ne wanda ƙarfin zubarsa ya wuce milimita 25 a awa. Irin wannan kaɗan ne a Ingila, a wurinmu kuwa shi ne abincin damina, kamar yadda awon da Kowal da Kassam suka yi a Samaru cikin shekarun 1970 ya tabbatar. Jimlar ruwan shekara a Kano ba ta fi ta wasu garuruwan Ingila da yawa ba, sai dai nasu yana sauka yayyafi cikin wata 12, namu kuwa kamar da bakin ƙwarya cikin wata 4, kuma na farkonsa yana samun ƙasa tsirara bayan rani. A 1971 Wischmeier da abokan aikinsa suka fitar da jadawalin ƙiyasta saurin zaizayar ƙasa a gonaki da wuraren gine-gine, bisa yawan gari da lallausan yashi, da ruɓaɓɓen ganye, da yadda ƙasar ta dunƙule, da yadda take shan ruwa. Shi ma gari da lallausan yashi ya ɗora wa laifi.

Sai dai duk waɗannan gwaje-gwaje an gina su ne a kan ƙasar Turai da Amurka, da aka zo da su ƙasashe masu zafi sai suka fara ba da amsar da ba ta dace da abin da ido ke gani ba. Jar ƙasarmu ta burji da marmara ta samu ne daga ruɓewar dutse a wurinsa cikin zafi da ruwa na dubban shekaru, har tsatsar ƙarfe ta taru ta ɗaure ƙwayoyin. Wani likita, Francis Buchanan, shi ya fara bayyana ta a rubuce a 1807, bayan ya ga mutanen Malabar a Indiya suna yanka ta da laushinta su yi tubali, ta bushe ta zama dutse. Sunan da ya raɗa mata daga kalmar Latin ta tubali ya fito. Misalin da ya fi shahara na ruɗanin gwaji shi ne dam ɗin Sasumua da aka gina don ruwan Nairobi cikin shekarun 1950. Gwajin Atterberg ya nuna jar lakar wurin ba ta da kirki, aikin ya shiga rikici, aka kira Terzaghi. Ya gano cewa ƙwayoyin sun dunƙule ne ƙulli-ƙulli masu ƙarfi, kuma busarwa a tanda da murzawar da ake yi a ɗakin gwaji suna sauya halin ƙasar. Aka gina dam ɗin da ita, ya kuma buga bayaninsa a 1958. Daga baya Ingila ta fitar da jagorar gina hanyoyin ƙasashe masu zafi a 1962, M. D. Gidigasu na Gana ya buga babban littafinsa a kan jar ƙasa a 1976, S. A. Ola kuma, wanda ya yi bincikensa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya tattara nazarin ƙasar Nijeriya a wani littafi a 1983. A ganina wannan shi ne babi mafi daraja a tarihin, lokacin da 'yan Afirka suka fara auna ƙasarsu da kansu maimakon su karanto halinta daga littafin wata nahiya.

Burji mai kyau, wanda ya haɗa tsakuwa da yashi da ɗan yumɓun da zai ɗaure su, yana cikin mafi alherin kayan hanya a duniya. Idan yumɓun ya yi kaɗan, da rani hanya ta yi ƙunya-ƙunya tana girgiza mota, da damina ruwa ya kwashe. Idan ya yi yawa ta yi santsi. Kishiyarsa ita ce baƙar lakar da Barebari ke kira firki, wadda ake shuka masakwa a kanta a yankin Dikwa da Ngala, akwai ta kuma a kwarin Binuwai. Yumɓunta irin mai shan ruwa ya kumbura ne. Da rani takan tsage har hannu ya shiga, ruwan farko ya bi tsagar ya gangara can ciki. Idan aka shimfiɗa kwalta a kanta, tsakiyar hanya takan zauna da danshi ɗaya, gefuna kuwa suna jiƙewa suna bushewa, suna tashi suna sauka, har kwalta ta tsage a tsaye, ruwa ya sami ƙofa. Maganinta shi ne a kwashe ta a kawo wata daga nesa, ko a gauraya ta da ƙonannen farin dutsen da ake siminti da shi, wanda yake kashe kumburin. Duka biyun kuɗi ne, kuma kuɗin da ba a ganinsa ranar buɗe hanya.

Ko dokar Hjulström ma tana da togiya. Cikin shekarun 1960 aka lura a Ostareliya cewa ƙananan dam-dam na gona da aka yi da yumɓu, aka kuma daɓe da kyau, suna hujewa tun cikar farko. Bincike ya nuna yumɓun yana ɗauke da sinadarin sodiyam mai yawa, watau dangin abin da ke cikin kanwa, wanda yake sa ƙwayoyin su ture juna maimakon su manne. Irin wannan ƙasa tana narkewa ko a ruwan da ke kwance, ruwan ya yi fari kamar an dama koko. Gwajin Atterberg da na Proctor ba sa gane ta. A 1976 James Sherard da abokansa suka fito da gwajin huda ƙaramin rami a curin ƙasa a tura ruwa ta ciki a ga ko zai fito garau. Akwai ma wanda ya fi shi sauƙi: a jefa ɗan curi a kofin ruwa mai tsabta a zuba ido. A cikon hanya irin wannan ƙasa tana yin rami ta ƙarƙashi, sama lafiya, sai ranar da babbar mota ta taka.

Har yanzu maganar abin da ruwa ke yi wa hanya muke yi. Hanya ma tana yi wa ƙasa nata. Kafin a gina ta, ruwa yana bazuwa a fili yana tafiya a hankali. Hanya ta tare shi kamar madatsa, ta tattara na kadada masu yawa, ta tura shi ta bakin kwalbati guda. Lissafin da masana suka yi tun ƙarni na 18 ya nuna cewa idan gudun ruwa ya ninka biyu, nauyin dutsen da zai iya turawa yakan ninka kusan sau 64. To, idan aka saki wannan ruwa a kan lallausan yashi ba tare da an jera dutse ko an yi masa matakala ya huce ba, a bakin kwalbatin kwazazzabo zai fara, ya riƙa ci yana komowa har ya iso hanyar da ta haife shi. Da yawa daga cikin manyan kwazazzabai na ƙasar Ibo, inda yashin yankin Agulu da Nanka ba shi da abin ɗaure shi, da waɗanda suka addabi garin Gwambe, magudanar da aka yanke a rabin hanya tana cikin dalilansu. A 2012 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 500 don yaƙi da zaizaya a Nijeriya, kuma wani sashe na kuɗin ya tafi ne wajen ƙarasa abin da da an yi tun farko da 'yan tifofin dutse.

Kada a ɗauka wannan ciwo namu ne mu kaɗai. Ranar 5 ga Afrilu 1987 gadar babbar hanyar Jihar Niyok da ke kan rafin Schoharie ta rufta cikin ambaliya, mutum 10 suka mutu. An buɗe ta ne a 1954, ginshiƙanta suna zaune kan faffaɗan harsashi bisa wata ƙasa mai tauri da aka ɗauka ruwa ba zai ci ta ba, ba a kafa turaku zuwa can ƙasa ba. Duwatsun da aka jera don kariya sun zube cikin shekaru, ba a mayar ba, kuma masu duba gada ba sa leƙa ƙarƙashin ruwa. Bayan wannan ne Amurka ta wajabta binciken zaizayar gindin gadojinta, kuma cikin shekarun 1990 Jean-Louis Briaud na Jami'ar Texas A&M ya ƙera na'urar da ake sa curin ƙasar wurin a ciki, a tura ruwa a kansa, a auna milimita nawa yake ci a awa. Darasin da aka koya shi ne cewa taurin ƙasa ba ya hana ta zaizayewa, jinkirta abin kurum yake yi: abin da yashi zai bayar a dare ɗaya, yumɓu zai bayar cikin damina 30.

Saura kariya mafi arha, wadda injiniyoyi suka daɗe suna rainawa, watau ciyawa. Ganyenta yana tare ɗigon ruwa, karanta yana rage masa gudu, saiwarta tana ba yashi danƙon da ya rasa. Daga ƙarshen shekarun 1980 Bankin Duniya ya yaɗa shuka wata ciyawa mai saiwar da ke nutsewa har mita 3 a Indiya, Tailan da Malesiya kuma suka ɗauke ta don riƙe gangaren manyan hanyoyinsu. 'Yar'uwarta ce jema da ke fadamunmu, wadda ake saƙa faifai da zana da ita. Gamba da kiri-kiri ma suna aiki. Gireda da ta kankare gefen hanya fes a watan Mayu don a ga an yi aiki, ta miƙa wa ruwan farko ƙasa tsirara ke nan.

Dattawan cikinku za su tuna da barikin leburorin hanya na zamanin En'e, inda kowane lebura yake da 'yan mil ɗin da yake kula da su, da shebur da baro, yana yashe magudana da kwalbati kafin ruwa ya sauka, yana cike ɗan zaizayar da ya gani tun tana tafin hannu. Da wannan tsari ya ja baya a ƙasashe da yawa, sakamakon ya fito a lissafi. Rahoton Bankin Duniya na 1988 ya ƙiyasta cewa ƙasashe 85 masu tasowa sun yi asarar hanyoyi na kimanin dala biliyan 45 cikin shekara 20, alhali gyaran da zai hana wannan asara bai wuce na dala biliyan 12 ba. Nijeriya ta kafa cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi a 1978, da hukumar gyaran hanyoyin tarayya a 2002.

Ga ma'aikacin da takardar aikin hanya za ta zo teburinsa, akwai layuka huɗu da akan fara sokewa idan aka ce a rage kuɗi: haƙa ramukan gwajin ƙasa kafin zane, gwajin daɓe a lokacin aiki, jeren dutse a bakin kwalbati da gindin gada, da shuka ciyawa a gangaren ciko. Kafin ya yarda a soke, ya nemi a kawo masa rahoton ƙasa, ya duba tazarar da ke tsakanin ramin gwaji da na gaba, ya tambayi ramin da za a ɗebo ciko da sakamakon gwajinsa, sa'an nan ya sa yatsa a kan kowane kwalbati a taswira ya ce a nuna masa inda ruwansa zai ƙare.